Ƙarin albashi ko kwanakin hutu: yadda za ka auna kafin ka sa hannu

Aikina haɗa albashin ma'aikata ne a wani kamfani a nan Birnin Kebbi, kuma abin da na fi gani shi ne matashi ya karɓi takardar ɗaukar aiki, idonsa ya sauka a kan adadin kuɗi, ya sa hannu. Layin da ya yi maganar hutu kuwa ba ya ko kallonsa, sai ranar da aka kira shi aka ce mahaifiyarsa na kwance a Yauri. To ƙanena, ga yadda ake auna abin.

Da farko ka san cewa su ma manyan ƙasashe ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ya ba ma'aikaci ko da kwana ɗaya na hutun shekara da albashi. Dokarsu ta 1993 ta ba da mako 12 don haihuwa ko jinya, amma ba biya, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. A Tarayyar Turai kuwa doka ta ce aƙalla mako huɗu da cikakken albashi, kuma ba a sayen wannan hutun da kuɗi sai idan an rabu da aikin. Faransa ta fara da mako biyu a 1936, ta kai mako biyar a 1982. Ba'amurke yana yin wajen awa 1,800 a shekara a bakin aiki, Bajamushe bai kai 1,400 ba. Na farkon yakan fi kawo kuɗi gida, na biyun ya fi samun lokacin kansa.

Wasu na cewa Turawan Turai ragwaye ne, Amurkawa kuma bayin kuɗi. Ban yarda da ko ɗaya ba. Ba'amurke yakan samu inshorar lafiya ne ta wurin aikinsa, kuma karatun jami'a na da tsada a can, don haka kowace dala tana da gurbinta. Bajamushe kuwa tsarin ƙasarsa ya ɗauke masa mafi yawan wannan nauyi, ga ƙungiyoyin ƙwadago da suka daɗe suna ciniki a kan kwanakin hutu. Mu nan mun haɗa nauyin biyu: asibiti da makaranta daga aljihunka suke fita, sannan suna da biki da ta'aziyya da gona duk ƙafarka suke nema.

Sai ka duba abin da dokarmu ta ba ka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa yana da aƙalla kwana shida na aiki a matsayin hutu da cikakken albashi. Shida kacal. Akwai kuma kwana 12 na rashin lafiya idan likita ya ba da shaida, mace kuma tana da mako 12 na haihuwa da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin. Amma ka kula, dokar ta fi magana ne a kan leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Idan an ɗauke ka a matsayin akanta ko injiniya ko manaja, abin da aka rubuta a takardarka shi ne madogararka.

Yanzu ɗauko biro. Raba albashin wata da 22, wato kwanakin aiki, ka samu farashin kwana ɗaya. A ce wani kamfanin casar shinkafa ya ba ka naira 170,000 da hutun kwana 6, wata makaranta kuma ta ba ka 150,000 da kwana 20. Bambancin albashi a shekara 240,000 ne. Kwana ɗaya a makarantar ya kama kusan 6,800, ƙarin kwana 14 ɗin ke nan sun tashi wajen 95,000. A takarda kamfanin shinkafa ya fi da kimanin 145,000.

Kada ka tsaya nan. Tambayi kanka me za ka yi da kwana 14 ɗin. In kana da gonar shinkafa a fadamar Argungu, mako biyu da kanka a kan masu yanka da masu bugu na iya tsare maka buhunan da suka fi wannan kuɗin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kuwa kai saurayi ne mai tara kuɗin aure, iyayenka suna nan cikin gari lafiya lau, ɗauki kuɗin, ba laifi. Mai iyali a Zuru ko Kamba ya cire kuɗin mota da kwanakin da za a yanke masa duk lokacin da ya tafi ba izini, ya ga abin da ya rage.

Kafin ka sa hannu, je wurin jami'in ma'aikata ka yi tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, kwanakin nan na aiki ne ko har da Asabar da Lahadi? Hutun Sallah yana ciki ko daban yake? Akwai kuɗin hutu? In ban tafi bana ba, zan iya ɗagawa zuwa baɗi?" Kwana 21 da aka haɗa da ƙarshen mako, kwana 15 ne na aiki. Sannan ka nemi wani tsohon ma'aikaci a wurin ka ji ko ana barin mutane su tafi hutun da gaske, don akwai inda hutun yana rubuce amma oga zai yi ta ce maka bari aiki ya lafa.

In sun ce albashi ba ya ƙaruwa, nemi ƙarin kwana biyar na hutu. Manaja ya fi saurin yarda da wannan, tunda ba sabon kuɗi zai fitar ba. Duk abin da kuka daidaita a kai, ka roƙa a sa shi cikin takardar kafin ka sa hannu, ka kuma tafi gida da kwafinka.