Kurakuran da baƙi ke ta maimaitawa wajen zaga tsohon birnin Lisbon a keken tuk tuk

Duk wanda ya shiga tsohon birnin Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da jerin kekuna masu ƙafa uku da ake kira tuk tuk, direbobinsu suna tsaye riƙe da taswira suna yafito baƙi a bakin babbar majami'ar Sé da kewayen dandalin Praça do Comércio. Na gaji da jin 'yan uwa da abokai suna dawowa da koke iri ɗaya, cewa an tatse musu aljihu, ba su ga abin a zo a gani ba, kuma ƙugunsu ya yi kwanaki yana ciwo. Idan aka bi diddigin kowane koke, sai a tarar tun kafin a ɗora ƙafa a kan keken aka tafka kuskuren.

Tushen matsalar shi ne mutumin da ya saba da adaidaita sahu yana ganin keken sai ya ɗauka abin da ya sani ne, wato ya hau, a kai shi wuri kaza, ya biya kuɗin tafiya ya sauka. A Lisbon ba haka abin yake ba. Waɗannan kekuna ba tasi ba ne, ba su da na'urar ƙirga kuɗi, kuma rajistarsu ta masu harkar yawon buɗe ido ce, wadda hukumar Turismo de Portugal ke bayarwa da lambar da ake kira RNAAT. Abin da mutum ke saye shi ne lokacin direban da abin da ke cikin kansa, shi ya sa wanda ya tsayar da tuk tuk don kawai a sauke shi a otal yake biyan ninkin ba ninkin abin da tasi za ta karɓa. Ni ba na hawa sai na ga lambar rajistar, a jikin keken ko a takardar kamfanin, domin ita ce ke nuna akwai wanda za a riƙe idan wani abu ya faru.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai, domin na ɗanɗana kuɗarsa, shi ne barin ciniki a dunƙule. Wani direba ya taɓa yanka mana farashin awa ɗaya, ni da iyalina, muka ga da sauƙi, muka hau muna murna. Da muka sauka sai ya lissafa kuɗin a kan kowane kai, har da yaron da ya yi barci tun daga hawan farko, sannan ya ƙara rabin awa a kai, wai lokacin da muka ɓata muna ɗaukar hoto a wuraren hange ya wuce ƙa'ida. Babu takarda, babu shaida, ga mutane sun fara tsayawa suna kallo, ga mai ɗakina tana jan hannun rigata tana cewa, "Malam, ka ba shi mu tafi, kada a tara mana jama'a." Haka na zaro kuɗin abincin daren nan na miƙa ina huci. Abin haushin shi ne ban isa in ce ya yi ƙarya ba, tunda bai taɓa cewa farashin na keke ɗaya ne ba, ni ne ban tambaya ba.

Tun daga ranar ba na zama a kujerar tuk tuk sai an warware mini abubuwa a fili: kuɗin na keken ne gaba ɗaya ko na kowane mutum, ƙarfe nawa agogo zai fara aiki, ƙarfe nawa zai tsaya, wurare nawa za a tsaya kuma minti nawa a kowanne, sannan a ina za a sauke mu. Nakan rubuta jimillar a wayata in nuna wa direban, ya gyaɗa kai a gaban wanda nake tare da shi, kuma nakan ce ina son rasit. Wasu suna ganin wannan ƙwauro ne ko rashin yarda, har wani abokina ya ce ina kunyata mutane a ƙasar da ba tawa ba. To, kunyar minti biyu ta fi sauƙi a kan cacar baki a tsakiyar titi cikin harshen da mutum bai iya ba. Direban kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, wanda kuwa ya fara kame-kame, a yi masa sallama a matsa gaba, kekunan ba su ƙarewa. Wanda aka zalunta duk da haka ya sani cewa dokar Fotugal ta wajabta wa masu kasuwanci ajiye littafin koke mai suna Livro de Reclamações, kuma ana iya shigar da koken ta intanet.

Kuskure na biyu shi ne rashin sanin yadda ƙasar birnin take kwance, kuma a nan ne kuɗi ya fi zubewa a banza. Ranar 1 ga Nuwamba, 1755, girgizar ƙasa da ambaliyar teku da gobara suka rusa tsakiyar Lisbon, sai aka sake gina unguwar Baixa ƙarƙashin jagorancin Marquês de Pombal, babban ministan sarki, da miƙaƙƙun tituna masu faɗi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Baixa ba ta buƙatar keke ko kaɗan, babban titinta ma, Rua Augusta, na masu tafiya a ƙasa ne. Unguwar Alfama kuwa, da Graça da Mouraria da kewayen ganuwar São Jorge, suna kan tuddai ne masu tsinka numfashi, kuma Alfama ta tsira da yawancin tsoffin lungunanta daga waccan girgizar. A waɗannan tuddai ne tuk tuk yake da amfani na gaske, musamman ga dattijo ko mai ciwon gwiwa da ba zai iya hawa zuwa wurin hange na Senhora do Monte da ƙafa ba. Amma sai ka ga baƙo ya ƙone rabin lokacinsa ana zagaya shi a dandalin Rossio da bakin kogin Tejo, inda zai iya takawa yana shan iska kyauta, a ƙarshe a haura da shi tudu a guje saboda lokaci ya ƙure.

Mafi munin wannan shi ne cusa unguwar Belém cikin zagayen awa ɗaya ko biyu. Belém tana da nisan kimanin kilomita 6 yamma da tsakiyar gari, hanyar kuwa miƙaƙƙiya ce a bakin kogi, cike da motoci, babu wani tudu da zai sa a nemi keke. Jirgin ƙasa daga tashar Cais do Sodré yana kai mutum cikin 'yan mintuna, taragon lantarki mai lamba 15 ma yana zuwa, a kan kuɗi kaɗan. Wane irin lissafi ne mutum ya riƙa biyan direba kuɗin awa yana zaune cikin cunkoso yana shaƙar hayaƙin bas? Kuma idan an isa, gidan ibada na Jerónimos da aka fara ginawa a 1501 da hasumiyar Belém, waɗanda hukumar UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 1983, ba wuraren leƙe daga kan kujera ba ne. Akwai layin tikiti, akwai layin shiga, direba kuma yana waje agogonsa na tafiya. Na ga wata tawaga da ta biya kuɗi mai kauri aka kai ta ranar Litinin, ranar da ake rufe wuraren biyu, suka tsaya cirko-cirko suna ɗaukar hoton ƙofa, direban da ya san haka sarai bai ce musu uffan ba. Ni dai nakan ware wa Belém rabin yini nata na kanta, in tafi a jirgi da sassafe, in bar tuk tuk ga tuddai.

Akwai kuma masu tsammanin keken zai shiga kowane lungu saboda ƙanƙantarsa. Wurare da dama a Alfama matakala ce zalla, wasu titunan an tanadar wa mazauna unguwa, kuma a shekarar 2025 hukumar birnin ta haramta wa tuk tuk shiga ɗaruruwan tituna a tsoffin unguwanni bayan daɗewar koken mazauna kan cunkoso da hayaniya. Saboda haka direban da ya yi alkawarin kai mutum ko'ina, ko dai yana shirin karya doka ne ko yana shirin karya alkawari. Abin da nake yi shi ne in ce a haura da ni sama, a tsaya a Senhora do Monte da Graça, a ƙare a wurin hange na Portas do Sol ko na Santa Luzia, daga nan in sallami direba in gangaro cikin Alfama da ƙafa. Gangara ba ta da wahala, kuma a nan ne ake ganin shanya a tagogi, da tsofaffin mata suna hira daga baranda zuwa baranda, da fale-falen tangaram masu shuɗin zane a jikin gidaje. Waɗannan gidajen mutane ne, ba wurin baje koli ba, don haka kada a cusa kyamara a ƙofar kowa.

Sannan a daina haɗiye duk abin da direba ya faɗa a matsayin tarihi. Wasunsu sun san birnin ciki da bai, wasu kuwa jiya suka fara aikin, suna maimaita abin da suka tsinta a bakin na gabansu. Za a ce maka Gustave Eiffel, mai hasumiyar birnin Paris, shi ne ya gina na'urar hawa ta Santa Justa, alhali Raoul Mesnier du Ponsard, haifaffen Porto, shi ya tsara ta, aka buɗe ta a 1902. Za a ce maka waɗanda suka gina gadar Golden Gate ta Amurka su suka gina gadar 25 de Abril ta 1966, alhali kamar da ke tsakaninsu ce kawai ta haifar da zancen. Kuma da wuya direba ya tsaya ya bayyana cewa Musulmi sun mulki birnin fiye da shekara 400 kafin Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, ya ci shi da yaƙi a 1147, ko cewa Mouraria ita ce unguwar da aka keɓe wa Musulmin da suka rage, har zuwa lokacin da Sarki Manuel na Ɗaya ya ba da umarnin korar Yahudawa da Musulmi a 1496. Ni kafin in hau nakan jefa wa direba tambaya ɗaya a kan Mouraria, daga amsarsa nake gane ko mai jagora na samu ko mai tuƙi kawai. Da wannan tambayar kuma ake gane ko Turancinsa ko Faransancinsa zai fahimtu cikin ƙarar titi, abin da ya kamata 'yan uwanmu na Nijar su tabbatar tun da wuri maimakon dogara da tutar da aka manna a jikin keke don nuna harshen da direba ke ji.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna ɓata yini. Titunan tsohon gari shimfiɗar ƙananan duwatsu ce, keken kuma yana jijjiga ba kaɗan ba, saboda haka mai juna biyu da mai ciwon baya su haƙura, kuma kada a hau da cikakken ciki. Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar ƙananan yara, sai a tambaya kafin a biya kafin alƙalami. A manyan kekunan wasu kujeru baya suke kallo, wanda ya yi jinkirin zaɓa zai ga birnin yana gudu daga gare shi. Tsakar rana a watannin Yuli da Agusta azaba ce, ga rana ga tururuwar fasinjojin manyan jiragen ruwa da ke sauka a ƙasan Alfama, don haka safiya ko bayan la'asar ta fi. A daren 12 ga Yuni da kwanakin da ke kewaye da shi, lokacin bikin Santo António, unguwar takan cika maƙil har ƙafa ma da ƙyar take ratsawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana yawan ruwan sama, idan kuma aka sauke labulen roba, kallon ya tashi aiki. Waya a riƙe ta da kyau a wuraren hange, domin masu yankan aljihu sun san inda hankalin baƙo yake tafiya. Idan direba ya tsaya a shagon da ba a nema ba, a tuna masa cewa agogon da ke tafiya kuɗin mutum ne.

Abu na ƙarshe da na ga yana kama mutanenmu ba shiri shi ne ɗanɗanon da ake haɗawa da zagayen. Sau da yawa direba zai tsaya a ƙaramin shago a miƙo wani jan abin sha a ɗan kofi, wani lokaci kofin na cakulan ne, ana kiransa ginjinha. Giya ce, ko da kuwa an ce maka ruwan 'ya'yan itace ne mai zaƙi. Burodi da naman da ake kira bifana kuwa naman alade ne. Tun wajen ciniki nakan faɗa wa direba cewa ba ma shan giya, ba ma cin alade, don kada a ƙirga mana kuɗin abin da ba za mu taɓa ba. Babban masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa da Praça de Espanha, nesa da hanyar da kekunan ke bi, saboda haka wanda ke son Juma'a a can ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, kada ya saka shi cikin zagayen. A sauran ranaku, idan tafiya da ƙafa ba za ta yiwu ga waɗanda nake tare da su ba, nakan ce a sauke mu a dandalin Martim Moniz, domin titin Rua do Benformoso yana nan dab da shi, da gidajen abincin halal na 'yan Bangladesh da ƙananan masallatan da mutum zai yi Azahar kafin ya nemi abin sawa a baki.