Darasi na Tara: Gigin Tsufa

Iya ta ci tuwo da azahar. Ko kwano ba a ɗauke ba, sai ta ce, "Yau ba wanda ya ba ni abinci a gidan nan." Jiya ta ajiye takalminta cikin tukunya. Shekaranjiya da magariba maƙwabci ne ya dawo da ita daga bakin kasuwa, wai za ta gidan babanta, shi kuwa ya fi shekara 40 a ƙasa.

Surukarta ta ce neman magana ne. Wasu sun ce jifa ne. A wasu garuruwan ma, da an ji tsohuwa tana sambatu da dare sai a ce mayya ce. Wannan zalunci ne. Iya ba ta da lafiya.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwarta ne ke mutuwa sannu a hankali. Shi ya sa take tuna bikin aurenta tsaf, amma na ɗazu ya ɓace mata. Wannan shi ne gigin tsufa. Irin da ya fi yawa sunansa Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. Wani irin kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi. Ba kowane tsoho ke yin sa ba.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da Alzheimer, sai na sassauci. Duk da haka a je asibiti. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira. Mai yiwuwa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sukari ya faɗi, waɗannan kuma ana maganinsu.

A gida, kada a yi musu da ita. In ta ce ba ta ci ba, a ce, "To Iya, ga kunu." A rufe rijiya. A ɗauke ashana, wuƙa da fiya-fiya daga inda hannunta ke kaiwa. A rubuta lambar waya a ƙyalle, a ɗinke a rigarta. Jinya kuma a yi karɓa-karɓa, mutum ɗaya ba ya iyawa.

Aiki: Rubuta sunan unguwarku da lambar wayar mutum biyu, kamar yadda za ka sa a rigar Iya.