Yadda ake gyara iska da danshi a akwatin gizo-gizon tarantula a nan Legas

Jama'a, duk wanda yake kiwon tarantula a Legas ya daina bin maganar nan ta "ka riƙa fesa mata ruwa kullum", wannan shawarar mutanen Turai ce da ɗakunansu suke bushe saboda hita, mu nan gari ne na bakin teku, a watan Yuni kayan da ka shanya ma kwana biyu suke yi ba su bushe ba. Ni da kaina na rasa wata tarantula jinsin Avicularia a ɗakina na Agege, ina fesawa safe da yamma, murfi a rufe ruf, har gilashin yana gumi. Wallahi har yau abin yana damuna. Wannan jinsin a kan bishiyoyin Kudancin Amurka yake zama, inda iska take kaɗawa, ni kuma na kulle ta cikin tururi.

Da farko dai ka duba akwatin da sassafe. In ka ga raɓa a jikin bango, ko fumfuna fara a kan ƙasa, ko kana jin warin ruma, to iskar ciki ba ta motsi. Tarantula da wasu huhu guda 4 take numfashi a ƙasan cikinta, iskar da ta tsaya cak ga danshi ita ce ke jawo fumfuna da ƙananan ƙwari.

Sai hudawa, nan ne aikin yake. Ka fitar da ita tukuna zuwa wata roba mai murfi. In akwatin roba ne, ka riƙe ƙusa da filaya ka ɗora a wuta, ka huda layi biyu a gefe ɗaya daga ƙasa-ƙasa, kamar yatsa biyu sama da inda ƙasar ta tsaya, sannan ka huda ɗaya gefen daga can sama, haka iska za ta shiga nan ta ratsa ta fita can, ramukan murfi kaɗai ba sa yin wannan. A waje za ka yi saboda hayaƙin roba, ka goge bakin ramin kar ya bar kaifi, kuma kar ramin ya kai faɗin ƙoƙon bayanta, in wannan ya wuce duk jikinta zai wuce. Murfin ragar waya kuwa ka canza shi da wani, faratanta suna maƙalewa a ciki, ta rataye ko ta faɗo cikinta ya fashe.

Danshi kuma a cikin ƙasa ake ajiye shi. Ka sa garin ɓawon kwakwa mai kauri, ka tsiyaya ruwa a kusurwa ɗaya ya gangara ƙasa, sama ta zauna a bushe, ita da kanta za ta zaɓi inda take so. Ɗan kwanon ruwa kullum a cike. Amma ka san jinsin da kake da shi: Grammostola rosea ta ƙasar Cile busasshiyar ƙasa take so, kwanon nan ya ishe ta, Hysterocrates gigas ta Kamaru kuwa mai haƙa rami ce, tana son ƙasa mai zurfi da laima. Ƙanana sun fi saurin bushewa, su ka fi sa musu ido.

Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, ko in kana kwana da esi, ƙasar za ta bushe da wuri, sai ka ƙara ruwan kusurwar, kar ka toshe ramukan. Ɗan agogon auna danshin nan mai araha da ake liƙawa a bango ba ya faɗin gaskiya sosai, ni yatsana nake sawa a cikin ƙasar.

Ragowar gyare ko kyankyason da ta ci ka kwashe washegari, daga nan fumfuna take farawa. In ka gan ta kwance rigingine saɓa take yi, kar ka taɓa ta, kar ka zuba ruwa kusa.

Abu na ƙarshe, tunda yanzu iskar ɗaki tana shiga akwatin sosai, maganin sauro na igiya da filit za su iya kashe ta. Kafin a fesa ka kai ta wani ɗakin, nesa da tagar da hayaƙin janareto yake shigowa, kuma kar ka dawo da ita sai warin ya fita gaba ɗaya.