Darasi: Turancin Tafiyar Ruwa, Daga Kwale-kwale Zuwa Jirgi Mai Nutso

Labarin jiragen ruwa ba ya yankewa a rediyo da waya, kuma sau da yawa da Turanci yake fara iso mu. Wannan darasi zai ba ku kalmomin da za ku riƙa cin karo da su. Ku ɗauko littafin rubutu, ku kwafe kowace kalma sau uku, sannan ku faɗe ta da ƙarfi, kada ku ji kunyar na kusa da ku.

Mu a Hausa jirgi muke cewa, sai mu ƙara bayani. Bature kuwa kowane iri da sunansa. Kwale-kwalen da masunta ke tuƙawa da filafili ko gora shi ne canoe. Wanda ya ɗan fi shi girma, ko da inji ko babu, boat ne. Jirgin fito, mai ƙetarar da mutane da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, ferry ake ce masa. Babban jirgin teku irin masu sauke kwantena a Apapa ko Kwatano ko Tema shi ne ship. Ku gajarta wasalin tsakiya idan za ku faɗe shi, domin in kuka ja shi ya koma sheep, tunkiya ke nan.

Tashar jiragen ruwa port ce. Kun daɗe kuna faɗin wannan kalma ba ku sani ba, domin Fatakwal daga Port Harcourt ta samo asali. Haka ma Port Sudan da ke bakin Bahar Maliya, gaɓar da alhazan ƙasar Hausa masu bin hanyar ƙasa suka riƙa ƙetarawa daga gare ta zuwa Jidda. Sai dai a bakin ma'aikatan jirgi port tana da ma'ana ta biyu: ɓangaren hagu na jirgi idan mutum ya fuskanci gaba. Ɓangaren dama starboard ne. Goshin jirgi bow, bayansa stern, daɓen da ake tsayawa a kai deck, gangar jikinsa da ke taɓa ruwa hull. Shugaban jirgi captain, wato kyaftin, ma'aikatansa gaba ɗaya crew.

Yanzu mu zo kan jirgi mai nutso, wanda ke tafiya a ƙarƙashin teku. Sunansa submarine, ana furta shi kamar sabmarin. Ku raba kalmar biyu: sub na nufin ƙarƙashi, marine na nufin abin da ya shafi teku.

Ta yaya ƙarfe mai nauyin dubban tan yake nutsewa ya kuma taso yadda matuƙansa suka so? Ku tuna da tulu a rafi: in babu komai a cikinsa sai iska, yana yawo a sama, in ya sha ruwa sai ya yi ƙasa. A jikin jirgin akwai tankuna da ake kira ballast tanks. Idan ana son sauka, sai a buɗe su ruwa ya shiga, jirgin ya yi nauyi. Wannan saukar da gangan ita ce dive. Idan ana son hawa, sai a hura matsattsiyar iska ta kori ruwan, jirgin ya taso. Wannan shi ne surface. Ku kiyaye bambancin dive da sink sosai. Na farko nufi ne, na biyu hatsari. Duk inda kuka ji an ce jirgi ya yi sink, to ya nutse ne ba da son kowa ba. Kishiyarsa float, wato zama a saman ruwa.

Can ƙasa duhu ne, ido ba ya aiki. Saboda haka da sauti ake gane hanya. Na'urar da ake kira sonar tana sauraren motsin wasu jirage, ko ta aika ƙara ta jira amsa-kuwwarta ta dawo, daga nan a san nisan abin da ke gaba. Idan jirgin yana dab da saman ruwa, akwai dogon bututu mai madubai da ake ɗagawa a leƙa waje, sunansa periscope. Zurfi kuma depth ne, matsin ruwa pressure. Duk mita 10 da aka ƙara sauka, matsin yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa.

Amurka ce ta fara ƙera jirgi mai nutso mai aiki da makamashin nukiliya, Nautilus, wanda aka sa a ruwa a 1954, kuma a 1958 ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. A 2000 jirgin Rasha mai suna Kursk ya nutse da mutum 118, babu wanda ya tsira. Na 2023 da kuka ji labarinsa, Titan, wanda ya tarwatse da mutum 5 a hanyar zuwa kallon ɓaraguzan Titanic, babban jirgin fasinja da ya nutse tuntuni, a zurfin kusan mita 3,800, shi submersible ne: ƙarami, wanda sai babban jirgi ya kai shi wurin ya sauke shi.

Yawancinmu ba za mu taɓa shiga irin waɗannan ba. Kwale-kwale kuwa muna shiga, mu da iyalanmu, zuwa kasuwa da biki da gona. Shi ya sa nake roƙonku, in za ku manta komai a darasin nan, kada ku manta waɗannan. Life jacket ita ce rigar da ke hana mutum nutsewa. Capacity shi ne adadin da jirgi zai iya ɗauka, overload kuma lodin da ya wuce ƙima. Capsize na nufin kifewa. Missing wanda ba a gani ba, survivor wanda ya tsira, rescue aikin ceto. Waɗannan kalmomi ne suka cika jaridu a 2021 da jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya a Bagwai ta jihar Kano, da kuma 2023 da fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, tana gargaɗi a kan tafiyar dare da shiga jirgi babu rigar.

Aikin yi. Ku karanta waɗannan jimloli, ku rubuta ma'anarsu da Hausa:

Wear your life jacket.
The boat is overloaded.
The submarine will dive now.
The crew rescued ten passengers.

Bayan haka ku zana jirgi a littafinku, ku rubuta bow, stern, port da starboard kowanne a wurinsa, ku nuna wa malami kafin a tashi.