Yadda ake girka dogayen lasifikoki a falo don sauti ya fita tsaf

Lasifika mai tsada da aka jingina da bango ba ta fi ta kasuwa daɗin ji ba. Wurin ajiya ne rabin aikin.

1. Kashe amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, kafin ka taɓa waya. Jar waya a jan kai, baƙa a baƙi, a duka ɓangarorin biyu. In ka juya ɗaya, bes, wato sauti mai kauri, zai rame, muryar mawaƙi ta watse ba ta da mazauni.

2. Janyo lasifikokin daga bangon baya kamar santimita 60 zuwa 90, musamman masu ramin iska ta baya. Kusa da bango, ko a kusurwa, bes yakan kumbura ya yi ta gurnani har ya danne sauran kayan kiɗa. Matsa su santimita 5 a kowane gwaji, kana maimaita waƙa ɗaya da ka sani sosai. Nan ake shan wahala, amma nan ribar take.

3. Bar mita 2 zuwa 2.5 tsakaninsu, kujerarka ma haka daga kowace. Auna da tef, ido yana ruɗi.

4. Karkato fuskokinsu kaɗan zuwa kujerar, har muryar ta tsaya cak a tsakiya. In sautin ya yi kaifi, rage karkatar.

5. Ƙaramin bakin sama, mai siririn sauti, ya daidaita da kunnenka a zaune.

6. Daidaita ƙafafun kowace lasifika kada ta yi rawa. Falo mai tayil kuwa sai da kafet a gabansu da labule mai kauri, don rage amsa-kuwwa.