Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tura Tsofaffi Tsakanin Masu Aikin Kare Su Daga Faɗuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke rasa rayukansu kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Ba kasafai abu ɗaya ke kayar da dattijo ba. Ƙafa ta yi rauni, ido ya dushe, wani magani yana sa jiri, ga kuma shimfiɗar da ta naɗe a bakin ƙofa. Shi ya sa aikin ya rarrabu tsakanin likita, ma'aikatan jinya, mai harhaɗa magunguna, likitan ido, ma'aikacin gashin ƙashi da jami'in walwalar jama'a, kuma yawancin ɓarnar tana aukuwa ne a daidai lokacin da ɗaya ya saki majiyyaci alhali ɗayan bai kama ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a yi maganin rauni a manta da abin da ya haddasa shi. An kawo dattijuwa sashen gaggawa da karaya a wuyan hannu, an ɗaure, an ba ta maganin ciwo, an sallame ta, ba wanda ya tambayi yadda aka yi ta faɗi. Alhali wanda ya faɗi sau ɗaya, haɗarin ya sake faɗuwa ya ninka. Haka ma ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya kan tashi tsoho daga ƙasa, su ga bai ji ciwo ba, su tafi, labarin kuma ya tsaya a nan. Gyaran shi ne kowace faɗuwa ta zama dalilin tura mutum wurin wanda zai binciki abin da ya haddasa ta, ko da rauni ko babu. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan aka fara, a ƙarshen shekarun 1990, wani tsari da ake ɗora wa ma'aikaci guda alhakin bin duk wanda ya haura shekara 50 ya samu karaya daga ƙaramar faɗuwa, ya tabbatar an auna ƙarfin ƙashinsa an kuma duba haɗarin sake faɗuwarsa. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarin, kuma sirrinsa bai wuce cewa akwai wanda aikin yake wuyansa ba.

Wani kuskuren shi ne jiran dattijo ya kawo maganar da bakinsa. Da yawa ba sa faɗa, wasu don kunya, wasu don tsoron kada a hana su fita, wasu kuma sun ɗauka faɗuwa abokiyar tsufa ce. Tambayoyi uku sun isa a fara da su, kuma kowane ma'aikaci na iya yin su: ko ya faɗi a cikin shekarar da ta wuce, ko yana jin tangaɗi in ya tsaya ko yana tafiya, ko yana fargabar faɗuwa.

Sai dai akwai kishiyar wannan, wato a tura kowa da kowa wurin ƙwararru har layi ya yi tsawo, mai tsananin buƙata ya shafe watanni yana jira. Ƙa'idojin duniya kan kare tsofaffi daga faɗuwa, waɗanda aka wallafa a 2022, sun raba mutane gida uku. Mai ƙaramin haɗari ana ba shi shawara da ƙarfafa masa motsa jiki, a sake duba shi bayan shekara. Mai matsakaicin haɗari, wanda tafiyarsa ko tsayuwarsa ta nuna rauni, ana tura shi atisayen ƙarfi da daidaita jiki. Wanda kuwa ya ji rauni, ko ya faɗi sau biyu ko fiye a shekara, ko ya kasa tashi da kansa, ko ake zaton ya suma, shi ne ke buƙatar cikakken bincike. Idan sassan ba su zauna sun yarda da ma'auni ɗaya ba, kowa zai riƙa turawa bisa yadda ransa ya ba shi, mai karɓa kuma ya riƙa mayarwa.

Ita kanta takardar turawa abin dubawa ce. Sau da yawa ba a rubuta komai a ciki sai "yana yawan faɗuwa, a duba shi", wanda ke tilasta wa mai karɓa ya fara daga tushe, dattijo kuma ya maimaita labari ɗaya a ofis huɗu har ya gaji ya daina zuwa. Takarda mai amfani tana faɗin sau nawa ya faɗi, a ina, da wane lokaci, me yake yi a lokacin, ko ya iya tashi, da kuma jerin duk magungunan da yake sha, har da waɗanda ya saya da kansa. Tana ɗauke da awon hawan jininsa a kwance da a tsaye, domin idan adadin sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10 cikin minti uku da miƙewa, an samu bakin zaren. Tana kuma ɗauke da sakamakon gwajin nan mai sauƙi na tashi daga kujera, a yi tafiyar mita uku, a juyo a zauna, tare da daƙiƙun da aka ɗauka, don a samu abin kwatantawa daga baya.

Batun magunguna ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne rashin haɗin kai ya fi fitowa fili. Ma'aikacin gashin ƙashi na iya shafe makonni yana ƙarfafa ƙafafun mutum, alhali maganin barci ko na damuwa ko na hawan jini da wani likita ya rubuta shi ne ke kayar da shi da asuba a hanyar banɗaki. Shi ma'aikacin ba shi da ikon canza magani, likitan kuma bai san ana faɗuwa ba. Wajibi ne a buɗe hanyar da kowane ma'aikaci zai iya neman a sake nazarin magunguna kai tsaye, kuma rage irin waɗannan magunguna aikin likita ne, a hankali ake yin sa, ba a yanke su dare ɗaya.

A ganina kuskuren da ya fi muni shi ne ɗaukar cewa aiki ya ƙare da zarar an aika takarda. Takarda kan ɓace, dattijo kan rasa mai kai shi, wani ma ba a gaya masa dalilin turawar ba, don haka bai ga abin da zai fitar da shi daga gida ba. Turawa ba ta cika sai mai karɓa ya sanar cewa ya ga mutumin, ya faɗi abin da ya samu da abin da ya yi, mai turawa kuma ya bi sawu idan wa'adin da aka yarda da shi ya wuce shiru. Kafin a tura, a zauna da dattijon da mai kula da shi, a ji abin da ya fi damunsa da abin da zai iya.

Haka nan ana yawan kuskuren sallamar mutum bayan atisayen makonni kaɗan ba tare da an haɗa shi da inda zai ci gaba ba. Ƙa'idojin 2022 sun nemi atisaye sau uku ko fiye a mako na aƙalla mako 12, shirin atisayen tsofaffi na Otago na ƙasar Niyu Zilan kuwa, wanda ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin ɗari, an tsara shi ne ya ɗauki shekara guda ana ziyartar mutum a gida ana kuma kiran sa ta waya. Ƙarfin da aka samu yana zubewa idan aka daina, saboda haka ranar sallama ya kamata a ce an riga an san ajin atisayen da zai shiga a cikin al'umma, da wanda zai karɓe shi, da ranar da za a sake auna shi.