Zafin Injin Mota a Tsaye: Jagora ga Sababbin Direbobi a Saudiyya

Duk wanda ya zo Riyad ko Makka da aikin tuƙi, musamman direban gida, zai tarar cewa jira ya cinye rabin aikinsa: a ƙofar makaranta, a bakin asibiti, ko cikin cunkoson titin Sarki Fahad da yamma, inji na silo, AC a kunne. Daga watan Yuni zuwa Satumba zafin rana a waɗannan garuruwa yakan kai digiri 45, kuma a irin wannan tsayuwar ce allurar zafi take hawa, alhali motar ba ta nuna wata matsala a kan babbar hanya ba.

Dalilin a bayyane yake. Idan mota tana gudu, iska ce take ratsa lagireto ta huce ruwan da ke cikinsa, amma da zarar ta tsaya, aikin ya koma kan fanka kaɗai, famfon ruwa kuma ya rage juyawa. Ga shi kwandensan AC, wato abin da ke fitar da zafin AC waje, a gaban lagireto yake, saboda haka iskar da fankar take jawowa ta riga ta ɗauki zafi kafin ta iso. Don haka motar da take zafi a tsaye, ta huce idan an taka ta, fanka ce abin fara tuhuma a kanta: ko fis ya ƙone, ko rile ya mutu, ko na'urar da ke tayar da ita ta daina aiki, ko kuma ita kanta ta gaji. Gwajin ba ya buƙatar bakanike. Ka tayar da mota, ka kunna AC, ka ɗaga bonet ka duba. A yawancin motoci fankar za ta tashi ba da jimawa ba. Bayan fanka sai ƙarancin ruwa, da ƙurar da ke toshe saƙar lagireto, wadda ba ta da wuyar taruwa a ƙasar da guguwar rairayi ba baƙuwa ba ce.

Akwai al'adu biyu na garejojin ƙasarmu da ya kamata a bar su a gida. Ta farko ita ce cika lagireto da ruwan famfo, wanda yake barin tsatsa da gishiri su toshe ƙananan bututu. Abin da ya dace shi ne kulan, wato ruwan sanyaya inji, irin wanda littafin motar ya ambata, galibi rabi da rabi da tataccen ruwa. Wannan haɗin, tare da murfi mai riƙe matsi, ba ya tafasa sai ya haura digiri 120. Ta biyu ita ce cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, dabarar da ta yaɗu a garejojinmu. Tana ɓoye cutar ne kawai, tana ƙara shan mai, kuma idan motar ta kafili ce, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, taɓa wayoyinta ba da izininsa ba jawo wa kai rigima ne.

Idan allura ta doshi ja, ka kashe AC nan take, ka kunna hita zuwa ƙarshe, ka sauke gilasai, domin hita tana janye zafi daga injin, ko da yake zaman cikin motar ba zai yi daɗi ba. Ka nemi gefen hanya ka kashe inji. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa, saboda ruwan yana cikin matsi kuma zai iya salluɓe fatar fuska da hannu. Haka nan kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Nacewa da tafiya kan ƙona gaskit ko ya lanƙwasa kan silinda, gyaran da ya ninka kuɗin sabuwar fanka sau da yawa. Idan ka maƙale a tsakiyar titi, lambar 911 tana aiki a yankunan Riyad da Makka.

Tun a watan Afrilu ya kamata ka sanar da mai motar, a kai ta Sina'iyya, unguwar garejoji, a duba fanka da tiyo da murfi, a wanke lagireto. Idan kuma jiran zai daɗe, ka nemi inuwa ka kashe inji, amma kada ka bar yaro a cikin mota ko na minti ɗaya.